Mai Kindirmo da Ƙwayar Suga

Ƙanwata, tunda kin ce kin samu ƙwayar da za ta hutar da ke zuwa awo, bari in ba ki misalin wata mata.

Sana'arta kindirmo ce. Ta dafa madara, ta bari ta huce, ta zuba ɗan ludayin tsohon nono a ciki ta rufe, kafin gari ya waye ƙwarya guda ta kama. Ta daɗe ba ta samu haihuwa ba, sai da ta fara cire rai Allah Ya ba ta ciki. A wajen awo aka ce suganta ya hau, irin wanda ciki ke kawowa. Aka ce ta rage tuwo da fura, ta bar zaƙi, ta riƙa dawowa ana duba jininta. Aka kuma ambata mata wata ƙwaya mai ɗauke da ƙananan halittu masu rai, 'yan uwan waɗanda ke sa nono ya yi tsami, aka ce wataƙila ta ɗan taimaka. Wannan kaɗai ya zauna mata a kunne, domin aikin hannunta ne. In ludayi ɗaya zai juya ƙwarya, me zai hana ƙwaya ɗaya ta juya duk abin da ta ci? Ta nemo ƙwayar ta fara sha. Da ta koma awo aka ce sugan ya ɗan sauka, ta yi hamdala. Daga ranar ba ta sake komawa ba.

Ba wasa ta yi da maganin ba, wallahi. Kullum da bisimilla take haɗiya, ko sau ɗaya ba ta tsallake ba. Sai dai ƙishi ya dame ta, ita kuwa ta riƙa kashe shi da fura mai sukari da kunun zaƙi. Ciki ya yi ta girma, mata suna tsokanarta ko tagwaye ne, tana dariya. Wata rana da hantsi tana jera ƙore sai ta lura tun jiya ɗan bai motsa ba. Ta sha ruwan sanyi, ta kwanta ta gefe, ta dafa cikin tana kiran sunan Allah. Shiru. A asibiti aka fitar da shi, namiji, ƙato, gashi cike da kai, bai yi kuka ba. Mijinta da ya ɗauke shi zuwa makwanci ya ce hannunsa har ya gaji. Ita kuma aka dafa mata ruwan jego, ta yi wanka kamar kowace mai jego, ta fito ta zauna a kan gado babu wanda za a miƙo mata.

Rai na Allah ne, ban musa ba. Amma saukar sugan nan da ta gani rana ɗaya, tsauni ta hango daga nesa ta sauke kayanta a daji. Shi ya sa magabata suka ce hangen Dala ba shiga birni ba ne.