Shirun Alhasan

Inusa ya kai lomar burabusko baki, ya tauna a hankali yadda mara lafiya zai gani ya yi sha'awa. A ganinsa ba yunwa ta sa shi ci ba, aiki ne. Majo, shugabansa a wurin aiki, ya ce wanda ya ƙi abinci ba a yi masa wa'azi, ci ake yi a gabansa.

Ɗalibi ne mai koyon aikin kula da jama'a. Daga Yamai aka turo shi sitaj, wato sanin makamar aiki, a ɗakin shan magani na Gure, don ya taimaki matasa masu damuwar rai da iyalansu. Sharaɗin lakwal, makarantar da ta turo shi, ɗaya ne: ya bi gida guda har a ga sauƙi, majo ya sa hannu. In ba haka ba zai maimaita shekara, kuma bai san da wane baki zai faɗa wa gyatumarsa ba.

To amma mutanen Gure ba sa kawo irin wannan ciwo likita, wurin malam suke kai shi. Inusa ya zama mai gadin tebur. Bai san kowa ba, da an tashi aiki sai ya kulle ɗaki. Abinci ya ƙi shiga, barci ya ƙi zuwa, wando ya fara zamewa daga ƙugu. Ya ɗora laifin a kan ruwan garin.

Wata safiya Majo Manzo, tsohon ma'aikacin jinya mai kula da shi, ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce an samu mara lafiya. Ya tura shi gidan Fannami mai garka, wato lambu, da matarsa Ya Kaka. Ɗansu Alhasan, in ji majo, ya daina magana, ya daina ci.

Alhasan ƙato ne mai faɗin ƙirji. In dai da gaske ba ya ci, to jikinsa bai samu labari ba. Yana zaune a tabarma, leɓɓa a damƙe. Wani lokaci kumatunsa su kumbura, idanu su firfito, ya tashi da gudu ya zaga bayan gida. Inusa ya gyaɗa kai, ya ce wannan ciwo ya yi nisa.

Majo ya ƙara masa dabara biyu. Ya riƙa ba Alhasan labarin nasa damuwar don shi ma ya saki baki, kuma ya riƙa jan sa zuwa garka a motsa jini.

Da farko Inusa ƙago labaran yake yi. Da na ƙagen suka ƙare, sai na gaskiya suka fito: mahaifinsa ya rasu gab da tahowarsa, bai samu jana'iza ba, kuma kullum muryar tsohon tana kunnensa. Ya Kaka tana gefe tana tankaɗe, garin bai taɓa ƙarewa ba sai labari ya ƙare. Ranar da Inusa ya fashe da kuka, Alhasan ya dafa kafaɗarsa. Inusa ya share hawaye cike da murna, mara lafiya ya fara kula mutane.

A kwarin da garkar take suna jan ruwa, suna ban ruwan tumatir da albasa, Fannami yana kakkaɓo musu dabino. Inusa kan koma ɗaki a gajiye, ya yi barci kamar an jefar da buhu.

Abin da ya fi burge shi shi ne yadda gari ya damu da yaron nan. Duk inda suka bi sai a tare su. Mutum ya dubi Inusa sama da ƙasa, ya ce, "Ya jiki?" Inusa ya amsa a madadin Alhasan, yana samun sauƙi. Wata tsohuwa ta riƙe rigar Alhasan tana cewa akuyarta ta ɓata, ita yanzu ina za ta sa kanta. Wani ango ya yi ƙorafin an ɗaura aurensa ba mutane. Kowa tambayarsa ɗaya, yaushe za a gama? Inusa ya ce lalle ciwon ɗaya na kowa ne a Gure.

Sauƙi ya zo daki-daki. Alhasan ya fara sa hannu a kwano, ko da yake sai ya yi sauri yake samun rabonsa. Sannan ya yi dariya. Wata rana Inusa ya nemi ƙari da bakinsa, sai Alhasan ya ce, "Madalla." Raɗa ya yi, amma kajin gidan suka watse.

Majo ya saurari bayanin Inusa har ƙarshe. Ya dubi kumatunsa, ya dubi wandon da yanzu ya matse shi, ya sa hannu.

Ranar kasuwa Inusa ya hau saman kamiyo, babbar motar kaya mai zuwa Damagaram, da ƙunshin dabinon Ya Kaka a cinya. Zuciyarsa fari ƙal, sai dai ya ji zafin rashin ganin Alhasan a wurin rakiya. Ya yi masa uzuri, mai irin wannan ciwo ba ya son taro.

Direba ya tada mota. Sai aka buga ganga a tsakiyar kasuwa, wata murya ta tashi har ta danne ƙarar injin. Inusa ya waiwaya, ya hango mara lafiyarsa tsaye kan turmi, hannu a kunne.

"Jama'a, ku saurara! Baƙon da majo ya ba gidanmu jinya ya warke, yana ci, yana barci, ga shi can saman kamiyo! Ni Alhasan mai shela na dawo bakin aiki, mai cigiyar akuya ta matso!"