Gaisuwa a Tsaye

Ranar da ƙungiyoyin ƙwallon Amurka za su zaɓi sababbin 'yan wasa, ƙanena Tasi'u ya shigo gida ya gaida Baba a tsaye.

Na ce, "Kai, ba ka da gwiwa ne?"

Ya ɗage wandonsa. Lambar da aka dasa masa a gwiwa tana haske: 8,412. Lanƙwasar da ta rage mata ke nan, duk durƙuso sai ta ragu. Aikinsa ya rungumi ƙwallo ya ruga cikin ƙarti su tumurmushe shi. Irinsa ake zaɓa a ƙarshe, don sun fi kowa saurin ƙarewa.

Ya ce, "Yaya, wakilina ya ce in ta gaza dubu takwas da ɗari huɗu, babu mai ɗaukata."

"To ai da rarar goma sha biyu! Uban da ya haife ka bai kai ɗaya ba?"

Ya sunkuyar da kai.

Baba ya dafa bango, ya sauko daga kujerarsa har ƙasa, ƙasusuwansa na ƙara.

Ya ce, "Bari ni in durƙusa maka, Tasi'u. Tawa gwiwar ba mai saye."