Kabewar Bayan Katanga

'Ya'yan yanzu, Allah ya shirya. Yaro ya san abin da ake dafawa a ƙasar da bai taɓa takawa ba, amma ka ce ya nuna maka inda tsintsiyar gidansu take, sai ya tsaya yana sosa ƙeya.

Irinsu ne wani da unguwa ke kira Shef, wai gwanin girki a Turance. Ba wanda ya raɗa masa sunan, shi ya raɗa wa kansa, ya sayi doguwar farar hula ya kafa. A gaban waya yake girki tana ɗaukarsa bidiyo, yana surutu shi kaɗai kamar mai aljanu. Ɓawo da tsaba da ruwan wanke-wanke kuwa, ta tagar bayan kicin yake watsa su cikin wani lungu da ciyawa ta cinye. Matarsa ta yi magana har bakinta ya gaji.

Tun bara ya haukace a kan wata kabewa da ya taɓa saya a babban kanti, wai irin ta tsibiran Karibiyan ce, mai koren baya da ɗigo-ɗigo, cikinta ja kamar gwaiduwa. Ya yi ta zarya zuwa kantin, bai ƙara samunta ba.

Da kaka ta yi, yana kan tsani yana gyara eriya, sai ya hango ta a gidan tsohuwar da ke maƙwabtaka da su. Ga su nan kwance cikin ganye suna shan rana, kowace kamar tulu. Yawunsa ya tsinke. Yin sallama ya roƙa ya fi ƙarfin hularsa, don haka ya jira tsohuwa ta shiga barcin rana, ya haura katanga ya tsinko ɗaya.

A gaskiya yaron ya iya girki, wannan ba a ƙwace masa. Ya gasa rabi da citta da tafarnuwa har gefenta ya yi ƙauri. Sauran ya dafa da madarar kwakwa, ya ware kaɗan ya yi kek da kirfa. Ƙamshi ya cika layi.

Ran nan surukinsa ya zo. Dattijo ne da ya tsufa a gona, wanda tun ranar da ya ba da 'yarsa yake kallon hannun Shef yana girgiza kai. Ya ci, ya ƙara, ya lashe cokali.

"Ina ka samo wannan?"

"Ni na shuka ta, Baba. A nan gidan."

Matarsa ta ɗago ta dube shi, ta mayar da kai. Dattijo ya kama hannun nan mai laushi ya jinjina, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce zai dawo da ƙannensa, su ga surukin da Allah ya ba shi.

Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma tasa sai da ta buƙaci kabewa biyu. Ranar da baƙi za su zo ya sake haurawa. Wajen dawowa ƙusa ta kama wandonsa, ya faɗo da kabewa a ƙirji, ya shige kicin yana ɗingishi.

Ana tsakiyar ci, dattawa na sa albarka, aka yi sallama. Tsohuwa ce da sandarta, farar hula a hannu.

"Ku ci gaba, ba zama na zo yi ba. Hular mai gida na kawo. A tsakar gidana ta faɗi, kusa da guntun wandonsa."

Cokula suka tsaya. Shef ya durƙusa ya zayyana komai, har da na farkon da ba a tambaye shi ba. Surukinsa ya ture kwanon gabansa.

"Iya, ki yanke masa duk abin da kika ga dama."

"Ni haƙorana sun ƙare, abu mai laushi nake so," in ji ta. "Ya riƙa zuwa yana dafa mini har kabewar ta ƙare. Ban da waya, ban da hula. In yaɗon ya bushe, ya tattare mini shi tun daga tushe, ya ishe ni da sauro."

Haka ya ƙare kaka a gindin murhunta, hayaƙi na cin idonsa. Yau gasasshiya, gobe kek, jibi ta ce gishiri ya yi yawa a sake. Ƙawayenta suka gane hanya, kullum suna zuwa taya ta ci. Ta yi ƙiba, kumatunta suka fito. Surukinsa kuwa ko gaisuwarsa ya daina amsawa.

Da kabewa ta ƙare ya kama busasshen yaɗo yana naɗewa, yana neman tushe. Ya bi shi ya wuce rijiya, ya wuce akurkin kaji, har jikin katanga ta can baya. Yaɗo ya hau, shi ma ya hau, tsohuwa na zaune tana sakace.

Yana leƙawa ya ga tushen, kauri kamar damtse, ya fito daga cikin jujin da ke ƙarƙashin tagar kicinsa.