Wayar Azurfar Mai Gyaran Rediyo

Tunda ka ce sai wayar azurfa za ka haɗa wa lasifikarka, Ɗan'azumi, gyara zama ka ji wannan kafin ka tafi kasuwa.

An yi wani mai gyaran rediyo a wani gari, wanda ya ce duk faɗin ƙasar nan ba a haifi kunne irin nasa ba. In aka sa kaset, wai yana iya gaya maka ko makaɗin ya karya kumallo kafin ya ɗauki gogensa. Ya ce kowane ƙarfe da irin muryarsa: jan ƙarfe gunaguni yake yi kamar mai mura, azurfa ce kaɗai ke barin sauti ya wuce da alwalarsa. Yana da wani tsohon kaset na goge da aka ɗauka ranar bikinsa, ya rantse akwai abubuwa a ciki da wayar jan ƙarfe ke haɗiyewa a hanya. To, ita azurfa ba a tsintar ta a bola. Sai ya sa ido a kan awarwaron azurfa na matarsa, wanda shi kaɗai ya rage mata na mahaifiyarta. Ya yi ta nacin a narka shi a yi masa waya, kamar ƙuda a bakin ƙwaryar nono, har ta ce, "To, Malam, amma ni zan kai wa maƙeri da hannuna, kada a cuce ka." Ba a jima ba ta kawo masa wayar, baduku ya lulluɓe ta da jar fata, da ɗinki ƙanana kamar na laya.

Ya jona ta tsakanin rikoda da lasifika, ya kunna, ya lumshe ido. Wayyo, Ɗan'azumi! Ya ce zauren nan buɗewa ya yi, rufin ya ɗage. Ya ce ya ji kurciya tana kuka a kan tsamiyar da ke bayan makaɗin, ya ji hadari na haɗuwa can gabas da garin, ya ji wata tsohuwa ta ja numfashi za ta yi guɗa, sai ta tuna da wani abu ta fasa. Har ƙamshin turaren amarya ya ce yana biyo wayar nan a hankali, kamar ruwa a lambatu. Kullum bayan la'asar mutane su cika zauren, su ma su lumshe ido, don ba mai son a ce kunnensa na talaka ne. Wani ya ji kurciyar, wani ya ce ai biyu ne. Shi kuwa ya kishingiɗa yana kaɗa yatsa, yana cewa, "Azurfa ke nan. Da waccan wayar ce, da sai dai ku ji labari."

Rannan wani tela, abokin wasansa, ya saurara ya saurara, ya ce shi dai goge yake ji da shuuu ɗin tsohon kaset, a nuna masa azurfar ko ya samu na faɗa a gida. Mai kunne ya yi dariyar tausayi, ya ɗauko reza, ya tsaga fatar a gaban kowa. Sai ga jan ƙarfe, ja wur, har da guntun baƙar roba a jiki.

Gogen dai na ta kuka. Ana haka matar ta miƙo kwanon fura daga bayan labule, awarwaron na ƙara a hannunta, ta ce, "Wayar tsohuwar fankarka ce, Malam. Na ga kana jin daɗinta, shi ya sa ban tanka ba."

Tela ya karɓi furar, ya kurɓa, ya goge baki, ya ce, "Kai, mutumina, kurciyar nan taka ashe a fanka take kwana?"

Saboda haka, in za ka sayi azurfarka, saya, ba na hana ka. Amma ka fara leƙa cikin fatar kafin ka tara jama'a. Hausawa dai sun gama magana da suka ce, gani ya kori ji.