Sarƙar Jan Fure

"Sa wannan, al'adar mutanen Hawai ce," in ji Anti Kamila, ta rataya wa Hannatou sarƙar jan fure a wuya.

Wata uku ke nan Hannatou tana ɓoye a unguwar International City, tun da ta gudu daga gidan aikin da Madam, uwar ɗakinta, ta riƙe mata fasfo. Anti Kamila kaɗai ta san inda take, ita ce kuma ta nace su fito cin abincin rana a wani gidan abincin mutanen Hawai.

Aka kawo shinkafa da ɗanyen kifi da abarba. Anti ko taɓawa ba ta yi ba, sai duban ƙofa take tana latsa waya. Hannatou ta lura duk gidan abincin ita kaɗai ce da fure, kunya ta kama ta.

"Haba Anti, ina ƙarama in yi ado, ke kina zaune haka?" Ta cire ta rataya mata.

Kafin Anti ta fizge, ƙarti biyu suka shigo. Ɗaya ya dubi wayarsa, ya damƙe hannun Anti Kamila.

"Mai jan fure aka ce mana. Yalla, maza tashi. Madam tana jira."