Bikon Lorne

Darlene Kowalchuk ta tsaya a bakin matakalar ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ƙanƙara na narkewa a takalminta, tana bitar ban haƙurin da ta haddace a mota. Bikon Lorne ta zo. In bai yarda ya yi magana ba, ita da dandali sai dai a mafarki.

A ɗakin ƙasan nan na gidan su Wendell, a garin Thunder Bay na jihar Ontario a Kanada, aka haifi ƙungiyar kiɗa ta Gishirin Titi. Darlene ke waƙa, Wendell na kaɗa jita, Réjean na jibgar ganga kamar da tsohuwar gaba a tsakaninsu. Lorne kuwa a can suka tarar da shi, a kusurwa, ya riga su zama. Suna tsakiyar naɗar kaset ɗinsu na farko ya kama gunji ƙasa-ƙasa, murya ɗaya tal, ba hawa ba sauka. To a garin nan, in mutum ya taka maka ƙafa kai ne za ka ba shi haƙuri, balle a samu mai ƙarfin halin cewa wani ya yi shiru. Aka ƙyale shi. Da aka zo jera sunaye a bayan kaset, Wendell ya ce rashin tarbiyya ne a ji muryar wani a ƙi ambatonsa.

Doka ta tilasta wa gidajen rediyo su riƙa saka waƙoƙin 'yan ƙasa, Lorne kuma ɗan Ontario ne gaba da baya, shaidar ma na manne a jikinsa. Haka kaset ya shiga rediyo. Wani masanin kiɗa a Toronto ya cika shafi uku yana rantsuwa cewa gunjin Lorne shi ne kukan hunturun Kanada da kansa. Muryar Darlene layi ɗaya ta samu, shi ma an yi kuskure a sunanta.

Yawon wasa da Lorne azaba ce. Sai ƙarti biyu sun ciccibe shi kafin ya shiga mota. Cikinsa kullum dam yake da giya, amma ba a taɓa ganin ya yi tangaɗi ba. Bayan labule yake tsayawa, bai taɓa amsa tambayar ɗan jarida ba, abin da ya ƙara masa kwarjini ke nan. Réjean ne kaɗai ke jingina da shi in zafi ya yi yawa, yana cewa duk ƙungiyar babu mai sanyin ciki kamarsa.

A garin Regina, ana tsakiyar waƙa, Lorne ya yi ɗif. Jama'a suka riƙe numfashi. Can ya yi wata girgiza, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Manyan manoma masu gemu suka yi ta sharar hawaye, aka yi ta kiran sunansa har Darlene ta sauka ba wanda ya lura.

Kishi ya ci ta, gaskiya ke nan. Bayan wani wasa a garin Moncton ta ɗirka masa shuri a gaban kowa, ta ce ta gaji da zama 'yar amshin wanda bai san komai ba sai murya ɗaya. Ta kawo a madadinsa wani siriri ɗan ƙasar waje, mai tsafta, mai ƙyalli, wanda ko tari ba ya yi. Faifan da suka fitar da shi, uwar Wendell ma ba ta saya ba. Ƙungiya ta watse. Réjean ya koma tuƙa motar share ƙanƙara, Darlene ta koma rera taken ƙasa a wasan hoki na yara, iyaye na tauna dankali suna jiran ta gama.

Yanzu gari ya shirya biki, ana so Gishirin Titi su sake hawa dandali, da sharaɗi ɗaya: ba Lorne, ba wasa. Likita kuma ya gaya wa Darlene cewa maƙogwaronta wasa ɗaya ya rage masa. Tsoro ya kama ta sosai.

Wendell, wanda yanzu sanƙo ya cinye, ya tare ta a matakala. "Dar, kada ki sa rai. Tun shurin nan bai sake cewa uffan ba."

"Matsa mini, malam. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne."

Ta same shi a kusurwarsa, jingine da bango, ƙura ta rufe masa kai. Tabon takalminta na nan a gefensa. Ta durƙusa a kan siminti mai sanyi, ta ce ta yi kuskure, ta ce shi ne ƙungiyar, su 'yan rakiya ne. Ta ce ko sunanta aka cire daga allo ta yarda. Hawayen gaske ta yi, Wendell ma ya juya baya yana jan hanci.



Daga saman matakala uwar Wendell ta leƙo, kofin shayi a hannu. "'Yar nan, kin gama surutun? Ni na cire shi tun ranar da kuka dawo da shi, wuta yake sha mini kamar me. Duba bayansa."

Darlene ta miƙa hannu ta laluba wayar, ta soka ta a bango, sai tsohon firjin ya yi girgiza, fitilar cikinsa ta kama, ya ɗauki gunjinsa daga inda ya tsaya.