Kwana Goma Sha Huɗu

Haliru ya wanke hannu a bakin ƙofa, kamar kullum tun da sankarar jini ta kwantar da budurwarsa Zuwaira a gidan yayarta a Gusau. Ya ɗaura takunkumi ya shiga da sallama.

"Innarki ta ce likita ya rage miki magani," in ji shi. "Daga kwana ashirin da takwas zuwa sha huɗu."

"Haka ne."

Shi manomi ne, kuma a garinsu 'Yankuzo ba a rage wa gona taki sai an fid da rai da ita. Ya durƙusa.

"To a ɗaura mana aure Jumma'ar nan. Ko kwana nawa suka rage, ina so ki yi su kina matata."

Ta kalle shi. Sai dariya ta ƙwace mata, dariyar da ya yi wata biyar bai ji ba, har ɗankwalinta ya zame.

"Malam Haliru, har ka yanko mini likkafani? Gwajin ɓargo ya fito jiya, ba su ga cutar ba! An rage maganin ne don jinina ya farfaɗo."

Ya gyara takunkuminsa.

"To... maganar Jumma'a fa?"

Ta sunkuyar da kai. "Bari gashina ya isa kitso tukuna. Amma manyanka su je wurin Baba yau."

Ya miƙe ya fice da sauri, ya bar takalmansa a bakin ƙofa.